A wanke hanya kafin allura ta shiga



Hirarmu ta yau ta shafi maza ne, musamman dattawa waɗanda suka ba shekara 50 baya. Amma mata ma su kasa kunne, don su ne masu jinya idan maigida ya kwanta. Za mu ambaci wasu wurare na jiki da ba a saba faɗar sunansu cikin taro ba. Muna neman gafarar iyayenmu. Magana ce ta lafiya, dole a kira kowane abu da sunansa don kowa ya gane.

Mene ne furostat?

A jikin kowane namiji, ƙarƙashin mafitsara, akwai wani ɗan ƙullutun nama. Likitoci suna ce masa furostat. Mace ba ta da shi. A jikin saurayi girmansa kamar goro ɗaya ne madaidaici, nauyinsa wajen giram 20. Aikinsa shi ne fitar da wani sashe na ruwan maniyyi. Hanyar fitsari ta bi ta tsakiyarsa, kamar yadda zare ke bi ta cikin ƙwayar tasbaha.

Idan mutum ya manyanta, naman nan yakan ƙara girma, ya matse hanyar. Sai ka ga dattijo yana tashi sau uku, sau huɗu cikin dare. Ya tsuguna ya daɗe, fitsari na zuwa kaɗan-kaɗan. Ya tashi, ya ji kamar da saura. Ga yawancin mutane wannan girman tsufa ne kawai. Amma wani lokaci ciwon daji, wanda ake ce wa kansa, yakan kama furostat. Shi kuwa da farko ba ya nuna wata alama. An lura ya fi yawa ga baƙar fata. Ya kuma fi kama wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yinsa.

To, yaya likita zai bambanta girman tsufa da ciwon daji? Yana sa safar hannu, ya taɓa naman da yatsa ta dubura, ya ji ko da tauri. Yana aika mutum awon jini wanda ake kira PSA. Idan akwai na'ura, yana ɗaukar hoto. Duk waɗannan suna sa shi zato. Tabbaci kuwa ba ya samuwa sai an ɗebo ɗan naman an duba shi da madubin likita mai ƙara girman abu. Ɗibar naman nan ita ce ake kira biyopsi.

Kun san yadda mai sayen hatsi yake yi a kasuwa. Ba ya kwance buhu ya zazzage. Ɗan ƙarfe mai rami yake sokawa, ya zaro ƴan ƙwayoyi a tafin hannu. Ya soka sama, ya soka tsakiya, ya soka ƙasa. Daga nan ya san ko gero mai kyau ne, ko ƙwari sun ci shi. Haka likita yake yi da furostat. Yana da siririyar allura mai rami. Kowace suka tana zaro nama siriri kamar zare, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba. A shekarar 1989 likitocin Amurka suka nuna hanyar suka 6, uku dama, uku hagu, suna kallon hoto a na'ura. Daga baya aka ga 6 sun yi kaɗan, ana iya tsallake ciwon. Yanzu yawanci suka 10 ne zuwa 12. Ana sa maganin kashe zafi. Aikin duka bai fi minti 20 ba, kuma yawancin mutane suna komawa gida ran nan. Manyan asibitoci ne ke yinsa, inda akwai likitan hanyar fitsari.

Ta ina allurar ke bi?

Nan ne maganarmu take. Furostat yana can ciki, ba a ganinsa. Amma maƙwabcin ƙarshen hanji ne, bango ɗaya siriri ya raba su. Shi ya sa hanya mafi kusa ita ce ta dubura. Mutum ya kwanta ta gefen hagu, ya naɗe gwiwoyi. Likita ya sa kan na'urar hoto, mai kaurin yatsa ko fiye kaɗan. Allura ta huda bangon hanji, ta shiga furostat, ta fito.

Hanji kuwa gidan ƙwayoyin cuta ne. Kada wani ya ce, ni mai tsabta ne, kullum ina tsarki. Tsarki na waje ne. A cikin hanjin kowa, sarki da talaka, malami da almajiri, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, miliyoyi a kan miliyoyi. Wadda aka fi sani a cikinsu sunanta E. koli. Wani likitan Jamus mai suna Theodor Escherich ne ya bayyana ta a shekarar 1885. Muddin tana zaune cikin hanji, ba ta cutar da mai ita. Gidanta ne. Amma idan ta fita daga nan ta shiga furostat, ko mafitsara, ko jini, sai ta zama abokiyar gaba.

Ku tuna da igiyar guga. Ruwan rijiya mai kyau ne. Amma idan aka ja igiya cikin taɓo da kashin dabbobi a bakin rijiya, aka sake zura ta, me zai faru? Ƙazantar waje ta shiga ruwa. Allurar biyopsi haka take. Sabuwa ce, mai tsabta, daga leda aka ciro ta. Amma sai ta ratsa bangon hanji kafin ta isa furostat. Abin da ke manne a bangon, tana iya tafiya da shi. Kuma sau 10 ko 12 za ta ratsa.

Yawancin mutane jikinsu da maganin da aka ba su suna kashe ƴan ƙwayoyin da suka shiga, ba su ma san an yi ba. Amma wasu sukan kamu. Wani fitsari ya riƙa yi masa zafi. Wani furostat ya kumbura, fitsari ya tsaya. Wani ƴaƴan maraina su kumbura. Mafi muni shi ne ƙwayoyin su shiga jini su bazu. Mutum ya yi zafi kamar wuta, ya yi ta makyarkyata, hankalinsa ya gushe. Wannan yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a yi hanzari ba. A ƙasashen da aka ƙidaya, cikin mutum 100 da aka yi wa biyopsi ta dubura, kamar 1 zuwa 3 sukan koma asibiti a kwantar da su. Lambar ba ta da yawa. Amma ku tuna mutumin nan da ƙafarsa ya zo, awo kawai ya zo yi, wataƙila ma a ƙarshe a ce ba shi da ciwon daji. Kwanciyarsa asara ce babba.

Antibiyotik, da yadda ƙarfinsa ya ragu

Tun da daɗewa likitoci suna ba mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibiyotik, kafin a soma aikin. Ya sha awa ɗaya ko biyu kafin lokaci, ko a yi masa allura. Ta haka maganin yana cikin jini da cikin furostat, yana jiran duk ƙwayar da ta shigo. Shekaru da yawa wanda aka fi ba mutane shi ne siprofuloksasin, wanda kuka sani da sunan sipro. Ya yi aiki ƙwarai.

Sai aka ga ciwo bayan biyopsi yana ƙaruwa a ƙasashe da dama. Da aka bincika, aka tarar E. koli ta saba da maganin. Ba ya kashe ta. Yaya aka yi ta saba? Duk lokacin da mutum ya sha antibiyotik, ƙwayoyi marasa ƙarfi suna mutuwa, masu taurin kai suna saura. Su ne za su hayayyafa su cika hanji. In ya sake sha, haka. In ya sha rabi ya bari, haka. Ran da ake bukatar maganin da gaske, sai a tarar ba ya ci.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Kowa ya san masu tallar magani a kasuwa da tasha, da tire a kai ko a bayan keke. Ciwon ciki, a sayi kafso biyu. Zawo, a sayi sipro. Mura ma, a sayi kafso. Ba awo, ba takardar likita, magani ya sha rana ya sha ƙura. Mai yin haka yana horar da ƙwayoyin hanjinsa ne, yana koya musu jure magani. Ran biyopsi shi ne zai biya.

A shekarar 2019 hukumar ƙasashen Turai ta taƙaita amfani da sipro da danginsa, saboda illar da suke yi wa jijiyoyi a jikin wasu mutane. Daga nan likitocin hanyar fitsari na Turai suka daina ba da shawarar a yi rigakafin biyopsi da su. Akwai waɗansu magunguna da ake ba mutane a madadinsu. A wasu asibitoci ma ana shafo ɗan abin da ke cikin dubura da auduga kwanaki kafin aikin, a kai ɗakin awo, a ga wane magani ne ke kashe ƙwayoyin mutumin nan shi kansa. Zaɓen magani aikin likita ne. Shi ya san wanda ke ci a wurinsa da wanda ya daina.

Ruwan iyod

Da antibiyotik ya soma kasawa, sai likitoci suka koma ga tsohuwar dabara. Suka ce, maimakon mu jira ɓarawo cikin ɗaki, me zai hana mu tare shi tun daga ƙofa? Wato a wanke wurin da allura za ta huda, a rage ƙwayoyin tun ba su shiga ba.

Dabarar tsohuwa ce da gaske. A shekarar 1867 wani likita mai fiɗa a birnin Gilasgo, Joseph Lister, ya nuna cewa idan aka wanke rauni da kayan aiki da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, mutane ba su mutuwa da ruɓar rauni kamar da. Daga baya ya zama ba a yanka fata sai an shafe ta. Ku da kanku kun gani: ko allura za a yi wa yaro, sai malamin asibiti ya goge wurin da auduga. Irin waɗannan magunguna na shafawa su ake kira antiseptik. Bambancinsu da antibiyotik shi ne, antibiyotik ana sha ko a yi allurarsa, ya bi jini. Antiseptik kuwa shafawa ake yi, yana kashe abin da ya taɓa nan take. Ba a shansa.

Wanda ake amfani da shi wajen biyopsi na iyod ne. Iyod ɗin nan kun san sunansa, shi ne ake sa wa gishiri don hana maƙoƙo. Wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano shi a shekarar 1811 cikin tokar ciyawar teku. Ruwan iyod na da yana da zafi, yana ƙona fata, ba a iya sa shi a wuri mai laushi. A shekarar 1955 aka gano a Amurka yadda za a haɗa iyod da wani sinadari mai suna pobidon. Sinadarin yana riƙe iyod, yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Sai ya zama yana kashe ƙwayoyi ba tare da ƙuna ba. Shi ne ruwan nan ja-ja, mai kalar shayi mai kauri, da ake shafa wa rauni a asibiti. Mutane da yawa sun san shi da sunan Bétadine.

Ga yadda ake yi. Bayan mutum ya kwanta, likita ya shafe bakin dubura da kewayenta. Sa'an nan ya jiƙa ƙyallen asibiti mai tsabta da ruwan iyod, ya goge bangon hanji ta ciki, daidai gefen da furostat yake. Wasu likitoci sirinji marar allura suke cikawa su zuba ruwan ciki. Daga nan a dakata kamar minti 2, don maganin ya samu lokacin aiki. Dakatawar nan tana da muhimmanci. Iyod ba ya kashewa a ƙiftawar ido, kuma wanda ya yi gaggawa ya ɓata maganin a banza. Bayan nan a sa na'ura, a soma ɗibar nama. Mutum zai ji sanyi-sanyi, ko ɗan yaji kaɗan. Shi ke nan.

Ba wanda zai iya wanke hanji ya zama fes kamar faranti. Ragewa ake yi. Amma ragewar tana da yawa, kuma idan ƙwayoyin da suka shiga kaɗan ne, jiki da antibiyotik suna iya gamawa da su. Wani abin kuma: ƙwayar da ta gagari sipro ba ta gagarar iyod. Iyod yana lalata jikin ƙwayar ta wurare da yawa lokaci guda, shi ya sa ba a ga suna sabawa da shi yadda suke sabawa da antibiyotik ba. Ga shi da araha, ga shi kusan kowane asibiti yana da shi.

Shin an gwada, ko zato ne kawai? An gwada. Ku da kuke koyon lissafi, ga lambobi. A ƙasar Kanada an yi gwaji da mutum 865, aka buga sakamakon a shekarar 2013. Dukansu an ba su sipro. Aka raba su kashi biyu da ƙuri'a. Mutum 421 aka wanke musu hanji da ruwan iyod. Mutum 444 ba a wanke musu ba. Cikin waɗanda aka wanke wa, 11 suka kamu da ciwo. Cikin waɗanda ba a wanke wa ba, 20 suka kamu. Kun ga 11 da 20 akwai rata. Amma masana suka ce gwaji ɗaya bai isa ba, tana yiwuwa sa'a ce. Gaskiyarsu. Sai aka sake gwadawa a wasu ƙasashe. A shekarar 2021 likitocin Turai suka tattara gwaje-gwajen duka wuri ɗaya, suka lissafa. Suka tarar wankin iyod, idan aka haɗa shi da antibiyotik, yana rage kamuwa da wajen rabi. Wato inda mutum 10 za su kamu, sai a samu kamar 5. Yau ƙungiyar likitocin hanyar fitsari ta Turai ta sa shi cikin ƙa'idar aikinta: duk wanda za a yi wa biyopsi ta dubura, a wanke masa da ruwan iyod.

A wannan lissafin an duba wasu dabaru kuma. Ɗura ruwa ta dubura don a fitar da kashi kafin aikin, ba a ga ya rage kamuwa ba. Rage yawan suka ma bai rage ba. Iyod ɗin ne ya nuna amfani a fili. A ganinmu, abin da ya rage haɗari da rabi, kuɗinsa kaɗan, lokacinsa minti 2, bai kamata a tsallake shi ba. Marar lafiya yana da damar tambaya cikin ladabi: likita, za a wanke mini da ruwan iyod kafin a soma? Likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya.

Akwai kuma wata hanya da ke kauce wa hanji gaba ɗaya. Allura ta bi ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura. Ita fata ana iya wanke ta sosai, fiye da cikin hanji. Kamuwa ta wannan hanya kaɗan ce, shi ya sa likitocin Turai suka fi son ta. Sai dai tana bukatar kayan aiki na musamman da likitan da ya koye ta, kuma ba kowane asibiti ke da su ba. A nan ma da antiseptik ake shafe fatar kafin a huda.

Abin da ke wuyan marar lafiya

Likita yana da nasa aiki, kai ma kana da naka, ya kai dattijo. Na farko shi ne gaskiya. Likita zai yi maka tambayoyi kafin ranar. Kada kunya ta sa ka ɓoye, kada kuma ka ce ba kome don ka gama da wuri. Idan ka sha antibiyotik cikin watanni 6 da suka wuce, ka faɗa, ko da a tasha ka saya. Ba zai kai ka ƙara ba. So yake ya san ko ƙwayoyin hanjinka sun saba da wani magani, ya sake maka wani. In kana da kwalin ko ledar maganin, ka tafi da ita. Yanzu da ka iya karatu, kana iya kwafe sunan a takarda harafi-harafi ka nuna masa.

Ka faɗa in kana da ciwon suga, don mai suga ya fi saurin kamuwa. Ka faɗa in an taɓa sa maka robar fitsari, ko an kwantar da kai asibiti kwanan nan. Ka faɗa in kana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, don allura huda take yi, jini na iya ƙin tsayawa. Kada ka daina shansa da kanka, likita ne zai ce maka yaushe. Ka faɗa in kana da maƙoƙo, ko an taɓa shafa maka ruwan iyod jikinka ya yi ƙuraje ko ya kumbura. Irin wannan mutum ana nema masa wata dabara. In fitsari na yi maka zafi, ko kana jin masassara, ka faɗa tun kafin a soma. Yawanci ana awon fitsari kwanaki kaɗan kafin biyopsi. Idan aka ga ƙwayoyin cuta, sai a ɗaga ranar, a yi magani tukuna. Wanda ya zo daga nesa ya kashe kuɗin mota ba ya son jin an ɗaga. Amma a huda furostat alhali akwai ciwo a hanyar fitsari, kamar a hura wuta ne kusa da rumbu.

Maganin da aka rubuta maka, ka saye shi a farmasi, ka sha a daidai lokacin da aka ce. Wankin iyod ba ya maye gurbinsa. Su biyun tare suke aiki, ɗaya a ƙofa, ɗaya a cikin ɗaki.

Wani zai ce, tunda iyod yana da kyau haka, bari in saya in wanke kaina a gida kafin in tafi. A'a. Wankin yana amfani ne idan an yi shi daf da shigar allura. Wanda aka yi da asuba, kafin hantsi ƙwayoyin sun dawo. Kuma kwalaben iri-iri ne, akwai mai sabulu na wanke hannu, akwai na kurkurar baki, ba kowane ke shiga ciki ba. Haka kuma kada a cusa sassaƙe, ko garin magani, ko wani haɗin basir kafin aikin ko bayansa. Bayan biyopsi akwai ƙananan huji 10 ko 12 a bangon hanji. Suna rufewa da kansu. Duk abin da aka cusa yana iya tura ƙazanta cikinsu.

Bayan an gama

Kada ka tsorata in ka ga ɗan jini. Jini kaɗan cikin fitsari na kwanaki, ba kome. Ɗan jini a bayan gida kwana ɗaya ko biyu, ba kome. Maniyyi yana iya yin ja ko baƙi-baƙi har makonni, wannan ma an saba gani, kuma ba ya cutar da iyali. Ka sha ruwa da yawa. Ka huta kwana biyu, ban da noma, ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da doguwar tafiya a kan babur ko jaki.

Abin tsoro shi ne masassara. A nan ne muke roƙonku ku buɗe kunne da kyau. A ƙasarmu duk wanda jikinsa ya yi zafi yana makyarkyata, abin da ke zuwa bakin kowa shi ne masassarar cizon sauro. A sayo ƙwaya, a lulluɓe shi, a ce zuwa gobe zai ji sauƙi. Ga wanda aka yi wa biyopsi, goben nan tana iya yin nisa. Ƙwayoyin hanji da suka shiga jini alamarsu ɗaya ce da ta cizon sauro: zafin jiki, rawar sanyi, ciwon gaɓoɓi, amai. Amma maganin cizon sauro ba ya taɓa su ko kaɗan. Yawanci abin yana tasowa ne cikin kwana 3 na farko, amma yana iya kaiwa mako ɗaya ko fiye.

Saboda haka, duk wanda aka yi wa biyopsi ya ji zafin jiki, ko ma'auni ya nuna 38 ko fiye, ko ya kama makyarkyata, a kai shi asibiti nan take. Ko tsakar dare ne, ko ranar kasuwa ce. Haka in fitsari ya tsaya cak, ko jini yana zuba guda-guda bai tsaya ba, ko maraina sun kumbura, ko dattijo ya soma magana ba kan gado. Uwargida da ƴaƴa, wannan aikinku ne, don mai masassara ba ya iya yanke wa kansa shawara. Idan kun isa, kalmar farko da za ku faɗa wa malamin asibiti ita ce: an yi masa biyopsi na furostat ran kaza. Ku nuna takardar. In ba ku faɗa ba, shi ma yana iya zaton sauro ne, lokaci ya ƙure. In kun faɗa, zai san ana bukatar antibiyotik mai ƙarfi ta jijiya da ƙarin ruwa. Wanda aka kai da wuri, yawanci yana warkewa sarai.

Mutanen karkara, ga shawara. Idan garinku yana da nisa da asibiti, ko damina ta yanke hanya, kada ku hau mota ran da aka gama. Ku nemi ɗan'uwa a birni ku kwana biyu ko uku a wurinsa. Kafin ku bar asibiti, ku roƙi likita ya rubuta muku a takarda abin da aka yi, da ranar, da sunan maganin da aka ba ku, da lambar wayar da za a kira. Ku adana takardar wuri ɗaya da katin asibiti, inda uwargida ta sani.

Naman da aka ɗiba ana sa shi cikin ƙananan kwalabe masu ruwan magani, a aika ɗakin awo. Sakamako yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni. Ku tambayi ranar da za ku dawo karɓa, ku rubuta ta, ku dawo ko da kuna jin lafiya lau. Abin da za a yi idan sakamakon ya nuna ciwon daji, wannan hira ce ta wata rana.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.